Wace ƙaramar bindiga zan saya in riƙa sakawa a ƙugu? Amsa ga wani ɗan kasuwar hatsi a Gombe

Wani Alhaji mai harkar hatsi a Tudun Hatsi ya aiko da tambaya. Ya ce yana bin kasuwannin ƙauye sayen masara da wake, wajen Kumo da Dukku da Bajoga, wani lokaci har ya leƙa ɓangaren Alkaleri, kuma sau da yawa dare kan yi masa a hanya da kuɗi a jikinsa. Yana so a faɗa masa wace ƙaramar bindiga ce ta fi dacewa ya riƙa ɓoyewa a ƙarƙashin riga: fistol mai magazin (gidan harsashin da ake zarewa) ko libarba (mai gidan harsashin da ke juyawa), kuma mai cin wane harsashi.

Alhaji, Allah ya tsare hanya. Tsoron da ya sa ka yi wannan tambaya tsoro ne na gaskiya, babu wanda zai ce ka yi gaggawa. Amma kafin a kai ga sunan bindiga, akwai katangar da sai an fara faɗa maka ita, domin bidiyoyin da ake gani a waya na masu gwada ƙananan bindigogi galibinsu daga Amurka suke, kuma dokarsu daban, tamu daban.

Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959 kuma har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu: igwa, bom da gurneti, mashinga, bindigogin soja, da kuma fistol da libarba kowace iri, har da ƙirar gida mai cin harsashi ɗaya. Babu mai ba da lasisin wannan kashi sai Shugaban Ƙasa, kuma ganin damarsa ne. Kashi na biyu su ne irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu da bindigar iska, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku bindigar toka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ce Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke da iko a kanta. Wato abin da kake nema, a idon doka, yana layi ɗaya da gurneti. Hukuncin riƙe shi ba da lasisi ba ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Harsashi ma da kansa laifi ne idan babu takarda, ko da guda ɗaya aka tsinta a aljihun mota babu bindigar.

Mutane da yawa suna ruɗewa da bindigar nan da ake ja wa hannu gaba da baya tana ɗura kanta, wadda ake gani a hannun wasu 'yan banga. Dokar ta cire duk bindigar farauta mai na'urar sake ɗuri daga kashi na biyu, don haka ita ma ta koma cikin haramtattu. Kuma ko a kashi na biyun, an rufe ƙofar a watan Agusta na 2023, lokacin da muƙaddashin Sufeto Janar na wancan lokaci, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Gwamna ma ba shi da hurumi a nan, domin makamai suna cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. An ga haka a Zamfara a watan Yuni na 2022, lokacin da Gwamna Bello Matawalle ya ce jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kansu, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko.

Saboda haka duk wanda ya zo maka da fistol ya ce "akwai takarda", ko ya ce yana da hanya a hedikwata, ɗaya cikin biyu ne: ko takardar jabu ce, ko kuma ta wata bindiga ce daban. Lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya mai lamba ɗaya. Ba a aronsa, ba a gadonsa, ba a sayar da shi tare da bindigar kamar takardun mota. Sannan ba ka san inda wannan ƙarfen ya biyo ba. Bututun bindiga yana barin zane a jikin harsashi, allurarta mai bugun harsashi tana barin tambari a gindin kwanso. Idan an taɓa yin fashi ko kisa da ita, ranar da aka kama ta a ƙugunka a shingen bincike, kai ne za ka yi bayanin aikin da ba ka sani ba.

Yanzu ga ainihin abin da ka tambaya, domin sanin yana da amfani ga jami'in da aikinsa ya ba shi ita, da ɗan'uwanmu da ke zaune a ƙasar da doka ta yarda. Afirka ta Kudu, alal misali, tana ba da lasisin bindiga ɗaya don kare kai ga wanda ya kai shekara 21 ya kuma ci jarrabawar ƙwarewa, a sabunta bayan shekara 5. Ingila kuwa ta hana fararen hula riƙe fistol tun 1997. A Amurka ma, wanda ya shiga da bizar ziyara ko karatu dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga in ban da 'yan togaciya kaɗan.

Wani abu da masu koyar da harbi ke faɗa wa sabon shiga shi ne, ƙaramar bindiga ta fi babba wuyar harbi. Mutane suna ɗaukar akasin haka. Dalilin a fili yake. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne yake turo bindigar baya, kuma nauyin bindiga ne ke shanye wannan shurin. Glock 19, wadda ake ɗauka matsakaiciya, tana cin harsashi 15, nauyinta da cikakken magazin ya haura giram 800. Glock 43 tana cin 6, ba ta kai giram 600 ba, alhali harsashin iri ɗaya ne, 9mm. Shurin da babbar ta shanye, a ƙaramar tafin hannunka ne zai shanye shi. Ƙotarta kuma gajere ce, ƙaramin yatsa yana reto a iska babu inda zai kama, bakin bindigar ya riƙa ɗagawa sama bayan kowane harbi.

Sai maganar saiti. Tsakanin ma'aunin gaba da na baya a irin waɗannan ƙananan kusan santimita 13 ne. Idan hannunka ya karkata da milimita 1 kacal, a nisan mita 10 harsashi ya kauce da kusan santimita 8. Mutumin da tsoro ya kama ba ya matsa kunama a hankali, fizgarta yake yi, karkatar ta kai milimita 3 ko 4. Ka ga kenan an kuskure mutum ɗungurungum, harsashin kuma bai tsaya ba, ya wuce neman wanda ke bayansa. A kasuwa ko tashar mota, na bayan nan mai tallan kunu ce ko almajiri.

Tsakanin libarba da fistol mai magazin, kowace da cutarta. Libarba irin Smith & Wesson 642 tana cin harsashi 5 na .38 Special, nauyinta kusan giram 400, ba ta da wani maɓalli da za a manta. Idan harsashi ya ƙi tashi, sake matsa kunama kawai ake yi ta juyo da na gaba. Tana iya kwana watanni a ajiye ta tashi lafiya. Amma kunamarta tana da tauri, sai an sa ƙarfin da ya kai kilo 5 kafin ta saki, wato fiye da sau goma na nauyin bindigar kanta, kuma wannan jan ne ke karkatar da hannu. Bututunta bai kai santimita 5 ba. Sake ɗura ta a cikin duhu da hannu mai rawa aiki ne da ba ya yiwuwa ga wanda bai ƙware ba.

Fistol mai magazin ta fi siranta, ta fi kwanciya a jiki, kunamarta kusan kilo 2 da rabi. SIG Sauer P365, da ta fito a 2018, ta sauya kasuwar domin ta cusa harsashi 10 a jikin da a da 6 ko 7 yake ɗauka. Sai dai fistol tana dogara da shurinta ne wajen fitar da kwanso da ɗauko sabon harsashi. Idan wuyan hannu ya yi sako-sako, murfin sama ba ya kaiwa ƙarshen tafiyarsa, kwanso ya maƙale a ƙofa a tsaye, bindiga ta mutu a hannunka. Mafi yawan cijewar fistol daga wurare uku take zuwa: riƙon da bai yi ƙarfi ba, magazin da leɓensa ya lanƙwashe ko sifirin ɗinsa ya gaji, da tsohon harsashi da ya sha gumi ko mai. A ƙasarmu ƙara na huɗu, ƙurar hunturu. Mai son bindigarsa yakan cika ta da mai, ƙura ta hau kan man ta zama laka, murfin ya riƙa tafiya da kyar. Ɗigo kaɗan ake sawa a kan layukan da murfin ke zamewa, ramin allura kuwa a bar shi a bushe.

Game da harsashi, uku ne ake yawan magana a kansu. Akwai .380, wanda irin Ruger LCP ke ci, bindigar da ba ta kai giram 300 ba. Harsashinta kusan giram 6 ne, ƙarfinsa ya gaza na 9mm sosai, amma saboda rashin nauyin bindigar shurinta yana da zafi a hannu, har mai ita ya ƙi zuwa atisaye. Akwai 9mm, giram 7 da rabi zuwa 9 da rabi, gudun kusan mita 350 a daƙiƙa, shi ne rundunonin 'yan sanda da yawa a duniya suka tsaya a kansa. Sai .38 Special na libarba, wanda ke rasa wani ɓangare na gudunsa a gajeren bututu. A ganina, ga wanda doka ta ba shi dama, matsakaiciyar 9mm wadda duk yatsunsa suka samu wurin kamawa ta fi 'yar mitsitsiyar da aka saya don ta ɓace a aljihu. Waɗanda suka gaza .380 ba su cancanci a dogara da su ba. Kuma a cire abin da ake gani a fina-finai daga rai: harsashin fistol ba ya ɗaga mutum ya yar. Wanda aka harba yana iya ci gaba da sara na daƙiƙoƙi masu yawa kafin ya faɗi.

Ɓoyewar ita ma fanni ce. Bindiga ba a soka ta tsirara a ƙugu ko a jefa ta aljihu tare da makulli da carbi. Kube ake yi mata mai tauri, wanda aka ƙera don wannan ƙirar takamaimai, ya rufe kunama ruf, ya kama ɗamara mai kauri. Wandonmu na mazagi ba ya ɗaukar rabin kilo na ƙarfe, zai ja ƙasa, bindigar ta kife. Babbar riga da kaftani suna ɓoye komai da kyau, amma su ne kuma matsalar. Ka kwatanta: kana zaune a bayan sitiyari, bel a ɗaure, kaftani ya sauka har gwiwa, kana zaune a kan rabinsa. Kafin hannu ya kai ga ƙota sai ka tattare yadi da hannun hagu har ƙirji. Wajen mayar da ita kube kuma, gefen riga ko igiyar mazagi na iya shiga gidan kunama, kana tura bindigar ƙasa yadin yana jan kunamar baya. Irin Glock ba ta da maɓallin kulle na waje da ake turawa da babban yatsa. Ta nan mutane ke harbin cinyarsu, kuma a cinya akwai babbar jijiyar jini da ke iya zubar da ran mutum cikin 'yan mintoci, tun ba a kai asibiti ba.

Wani haɗarin da ake yawan gani shi ne na cire magazin. Mutum ya zare magazin ya ajiye a kan tabarma, ya ɗauka bindiga ta zama fanko, alhali akwai guda ɗaya da ya riga ya hau ɗakin harbi. Yana nuna wa aboki, ko yaro ya ɗauka, sai ƙara. Tsarin da ake koyarwa ba ya canzawa: a fara cire magazin, sannan a ja murfin baya a kulle shi, a duba ɗakin da ido, a taɓa da yatsa. Wanda ya juya tsarin, ya ja murfi kafin ya cire magazin, ya fitar da ɗaya ne ya ɗura wani. Yatsa ba ya shiga gidan kunama sai an yanke shawarar harbi, baki kuma ba ya kallon abin da ba a yi niyyar hallakawa ba. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe mun riga masu koyar da harbi saninta, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami.

Duk wannan bayani yana tsaye ne a kan abu guda, atisaye. A inda doka ta yarda, ana son mutum ya harba ɗaruruwan harsasai a sabuwar bindiga kafin ya amince da ita, sannan ya riƙa komawa filin harbi a kai a kai. Wani jami'in 'yan sanda a Amurka, Dennis Tueller, ya nuna a 1983 cewa mai wuƙa yana cinye tazarar mita 6 da ɗoriya cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, daidai lokacin da horarren jami'i ke buƙata ya zaro ya harba daga kuben da ke fili. To ina ga wanda tasa ke ƙarƙashin shadda, bai taɓa harba harsashi 20 a rayuwarsa ba? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kai kuwa, Alhaji, ina za ka yi wannan atisaye da bindigar da ko matarka ba ka so ta san da ita?

Ƙirar gida kuwa ban ma sa ta a lissafi ba. Bututun ruwa ne ko wani ƙarfe da ba a yi shi don ɗaukar matsin albarushi ba, ba ta da abin da ke tare allura idan ta faɗi ƙasa. Tana tashi da kanta, tana fashewa a hannu, kuma hukuncinta a kotu daidai yake da na 'yar waje.

Ka duba kuma irin abokan gabar da kake tsoro. Masu tare hanya da masu garkuwa da mutane ba sa zuwa ɗaya ɗaya. Suna zuwa da yawa, da AK-47 mai cin harsashi 30 wadda ke huda ƙofar mota ta fita ta ɗaya gefen. Harsashi 6 a hannun mutum ɗaya da ke zaune cikin mota ba ya sauya wannan lissafi, sai dai ya mayar da fashi ya zama kisa, har da direba da yaran mota. Inda fistol za ta iya yin tasiri shi ne kan matasa masu adda da wuƙa, irin 'yan Kalare a Gombe ko Sara-Suka a Bauchi, kuma a nan ne doka ke jiranka ta ɗaya ƙofar.

Tsarin mulki, sashe na 33, ya amince mutum ya kare ransa da dukiyarsa da ƙarfin da ya zama dole. Dokar Penal Code ta Arewa ta fayyace: haƙƙin kare kai yana kaiwa ga kisa idan harin na iya jawo mutuwa ko mummunan rauni, ko fyaɗe, ko sace mutum, haka nan a fashi da fasa gida da dare. Amma ba a wuce gwargwadon buƙata, kuma haƙƙin yana ƙarewa da zarar haɗarin ya kau. Wanda ya juya da gudu ka harbe shi a baya, ba kare kai ba ne. Akwai shari'ar wani manomi a jihar Adamawa da aka kai wa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya kashe maharin. An yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025, bisa hujjar cewa bayan ya ƙwace makamin yana da damar tserewa. Hukuncin ya jawo ce-ce-ku-ce sosai, amma ya nuna yadda kotu ke auna abin da ma'aunin zinariya. Ko alƙali ya yarda kare kanka ka yi, tuhumar mallakar haramtacciyar bindiga tana nan daram, ita kaɗai shekara 10.

Abin da ke jawo maka haɗari a wannan sana'a shi ne an san kana ɗauke da tsabar kuɗi, an san ranar, an san hanyar. Nan ya kamata ƙoƙarin ya tafi. Biya ta tiransifa duk inda akwai sabis. Inda manomi ya ce sai tsaba, ka yi magana da mai POS na garin tun kwana ɗaya kafin kasuwa ya tanadi kuɗin, ka cire a can ka biya a can, kada kuɗi su hau mota. In dole ne a ɗauka, a raba su tsakanin motoci biyu ko mutum biyu, a bar wani abu mai ɗan auki a aljihun gaba wanda za a miƙa ba gardama. Yawancin labarin da ɓarayi ke samu daga kusa yake fitowa: dillali, ɗan dako, yaron shago, ko wayar da ka amsa da ƙarfi a tsakiyar kasuwa kana faɗin adadi. Kada fiye da mutum ɗaya a gida ya san ranar tafiya da hanyar dawowa, kuma ka riƙa sauya su.

Ka sa wa kanka dokar tashi daga kasuwa da la'asar sakaliya, ko ciniki bai ƙare ba. In magariba ta riske ka, ka kwana a garin. Ku haɗa ayari da 'yan'uwanka 'yan kasuwa, mota uku ko huɗu, da tazarar da ta baya za ta iya juyawa ta kira taimako idan an tare ta gaba. Ka ajiye lambar DPO na kowane yanki da kake ratsawa, da ta shugaban 'yan banga ko sarkin baka na wurin, da lambar gaggawa ta 112. Direbobin tasha su ne suka fi kowa sanin inda aka tare hanya jiya, tambayarsu kafin tashi ba ta cin ko sisi. Idan kaya ko kuɗin sun yi yawa, ƙungiyarku ta 'yan kasuwa ta rubuta wa rundunar 'yan sanda ko Sibil Difens ta nemi rakiya a hukumance ranar kasuwa. Masu gadi na kamfanoni masu zaman kansu ba za su maye gurbin wannan ba, domin dokar 1986 da ta kafa su ta hana su riƙe bindiga.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, ka riga ka karɓi wata a hannun wani, kada ka jefa ta rijiya, kada ka ba wani ajiya, kada ka saka ta a mota ka nufi caji ofis kai kaɗai, domin in aka tare ka a hanya babu mai yarda miƙa ta za ka yi. Ka fara samun lauya, shi ya rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda ko cibiyar ƙasa mai kula da ƙananan makamai da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, a tsayar da rana da wurin miƙawa, ka karɓi takardar shaida mai ɗauke da lambar bindigar da adadin harsasan, ka yi mata kwafi biyu, ɗaya a wurin lauya ɗaya a gida.